TARIHIN KIƊA TSURA: DAGA KUDANCIN AMURKA ZUWA TITIN GIDAN ZOO



Tun kafin a ƙera rediyo Bahaushe ya san kiɗan da babu waƙa a kansa, har ya ba shi suna, wato take. Sarki yana da takensa, mahauta suna da nasu a bakin kalangu, ɗan dambe da ɗan tauri kowa da nasa. Makaɗi zai saki taken bai buɗe baki ba, mai shi ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya zabura ya faɗa fili yana kirari. Kiɗan ne yake riga zuwa, magana ta biyo baya ta hau kansa. Ku riƙe wannan, domin da shi za a fi gane abin da yaro ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko Daurawa yake nufi idan ya leƙa situdiyo ya ce a ba shi bit. Kiɗa tsura yake nema, wanda aka gama haɗawa aka bar masa gurbin murya. Yau za mu bi sawun wannan kiɗan daga inda ya yi ƙarfi, wato jihohin kudancin Amurka, zuwa ɗakunan naɗar sauti na Titin Gidan Zoo. Za kuma mu ga cewa a duk zangon da ya yada, mai waƙa ya samu suna, mai shago ya samu ciniki, wanda ya haɗa kiɗan ne ake bari a baya.

Labarin ya faro ne da wata na'ura da kasuwa ta ƙi. A 1980 kamfanin Roland na Japan, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa, ya fito da akwatin kiɗa mai suna TR-808. An yi shi ne don mawaƙin da ba shi da mai buga masa ganga ya samu abin gwaji. Masu sana'a suka ce sautinsa bai yi kama da ganga ta gaske ba, kuma gaskiya suka faɗa, domin ba a naɗi muryar wata ganga an zuba masa ba, lantarki ne yake ƙirƙirar sautin. Kusan guda 12,000 aka ƙera aka daina a 1983. Sabonsa dala 1,195 ne, amma cikin 'yan shekaru sai ga shi a shagunan gwanjo ana neman kai da shi. A nan yaran unguwannin talakawa baƙaƙen fata suka tsince shi. Akwai wani maɓalli a jikinsa da idan aka murɗa, dukan babbar gangar yakan ja ya yi tsawo, ya koma gurnani mai girgiza ƙirji. Wannan gurnanin shi ne har gobe ake kira 808, ko da yake yawancin masu amfani da shi yanzu ba su taɓa ganin akwatin da idonsu ba.

Me ya sa kudu ta fi kowa rungumarsa? Mutumin New York, inda gambarar zamani ta samo asali, a jirgin ƙasa yake yawo da abin sauraro a kunne, hankalinsa yana kan kalmomi. Mutumin Miami ko Houston ko Atlanta a mota yake rayuwa, ya cika but da manyan lasifikoki, burinsa a ji zuwansa tun daga nesa. Kiɗan da zai yi masa shi ne wanda zai sa ƙarfen mota rawa. Wanda ya taɓa shiga A Daidaita Sahu daga Dangi zuwa Unguwa Uku, direba ya ƙure ufa a ƙarƙashin kujera, ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Miami ce ta fara, a tsakiyar shekarun 1980, da ƙungiyar 2 Live Crew ta Luther Campbell. Waƙoƙinsu batsa ce tsagwaronta, har wani alƙalin tarayya a Florida ya yanke a 1990 cewa faifansu ya saɓa doka, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1992. Ba waƙoƙin ne suka dame mu a nan ba. Abin da ya rage bayan an manta da su shi ne nauyin kiɗan.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne New Orleans, domin a can ne aka ga gari guda ya gina salon waƙarsa a kan kiɗan aro guda ɗaya. A 1986 wasu samari biyu 'yan unguwar Queens a New York, masu kiran kansu The Showboys, suka fitar da waƙa mai suna Drag Rap. A garinsu ba ta yi kasuwa ba, suka ci gaba da harkokinsu. Faifan ya gangara kudu ya faɗa hannun masu DJ a Memphis da New Orleans, su kuma suka lura da wani ɗan yanki a cikinsa, 'yar ƙararrawa mai hawa da sauka a kan dukan 808, wanda da zarar an sa shi fili yake rikicewa. Suka riƙa maimaita wannan yankin, mai makirfo yana kiran sunayen unguwanni jama'a suna amsawa. Suka raɗa masa suna Triggerman. A 1991 MC T. Tucker da DJ Irv suka naɗi waƙa a kansa a kaset, daga nan salon da ake kira bounce ya tsaya da ƙafarsa. Ɗaruruwan waƙoƙi sun hau wannan kiɗan, har Drake ya ɗebo daga cikinsa a Nice for What ta 2018. Masu shi kuwa sun yi shekaru ba su ma san cewa abin da suka yar a New York ya zama taken wani gari ba. Ku duba siffar abin: kiɗa ɗaya sananne, kowa ya zo ya yi nasa kirarin a kai. Da a ce an kai wani tsohon makaɗin 'yan tauri wajen, ba zai ga baƙon abu ba.

Jamaika ma haka take, su ma tun tuni suke sa kiɗan tsura a bayan faifai don wani ya hau. Sleng Teng na 1985, wanda ya sauya waƙar ƙasar gaba ɗaya, daga cikin kiɗan da kamfani ya ajiye a wata 'yar fiyano ta Casio MT-40 aka ciro shi. Za mu dawo kan 'yar fiyano idan mun iso Kano.

A Houston wani mai suna DJ Screw ya ɗauki wata hanyar. Yakan rage gudun faifai har murya ta yi kauri kamar ta wanda ya tashi daga barci, abokansa su karɓi makirfo su yi ta zuba magana a kan kiɗan wasu, ya naɗa a kaset ya sayar a ƙofar gidansa, motoci suna layi. Ya rasu a Nuwamban 2000. A Memphis DJ Paul da Juicy J suka kawo kiɗa mai duhu da ƙananan kuge masu gudu kamar ana yayyafa tsakuwa a kan kwano. Atlanta ta tattara duka. A bikin ba da kyaututtuka na mujallar The Source a New York a 1995, an yi wa OutKast ihu lokacin da aka kira su karɓar kyauta, don 'yan kudu ne. Shekara goma bayan nan, 'yan New York ɗin ne suke sauka Atlanta sayen kiɗa.

Ga misalin yadda bit ya zama haja kamar buhun masara. Lil Jon ya haɗa wani kiɗa ya ba Usher, ashe kamfanin Jive ya riga ya miƙa wa Petey Pablo shi, har ya yi Freek-a-Leek a kai ta fara shiga rediyo. Dole Lil Jon ya koma ya haɗa wani mai kama da shi, wanda ya zama Yeah! ta 2004, ta yi mako 12 a saman jadawalin Billboard. Shi ya sa idan ka saurari waƙoƙin biyu za ka ji kamar wa da ƙani.

To ta yaya kiɗan yake rabuwa da waƙar har ya iso hannun wanda ba nasa ba? Kamfanoni ne da kansu suka buɗe ƙofar. Babban faifan garmaho da ake bugawa don masu DJ yakan zo da waƙar a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma kiɗan tsura, wani lokaci har da muryar tsura, don a samu sauƙin haɗawa a gidan rawa. Mawaƙa suka mayar da wannan gefen filin atisaye, aka samu faifan haɗe-haɗe da suke kira mikstef, wanda ba a shagon kamfani ake sayar da shi ba. Babu wanda ya kai Lil Wayne cin moriyar wannan. A Dedication 2 ta 2006 da Da Drought 3 ta 2007, kiɗan mutane ya bi ɗaya bayan ɗaya yana hawa, wasu ma har aka manta da masu waƙar na asali. Ya nuna wa duniya cewa yaro ba ya buƙatar makaɗi ko kamfani kafin a san bakinsa.

Ranar 16 ga Janairun 2007 'yan sanda tare da jami'an ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka suka dira a situdiyon DJ Drama da Don Cannon a Atlanta, suka kwashe faifai kusan 81,000, suka tsare su. Abin dariyar shi ne kamfanonin da ake cewa an yi wa sata su ne suke aika wa Drama sababbin waƙoƙin mawaƙansu don ya tallata. Shari'ar ta shiririce daga baya, amma ta kora harkar daga faifai zuwa intanet, inda shafuka irin DatPiff suke rabawa kyauta a lokacin. Wannan korar ce ta kawo kayan kusa da mu, domin faifan Atlanta ba ya zuwa Kano, amma duk mai kuɗin awa ɗaya a shagon intanet yana iya sauke fayil.

A shekarar dai wani abu ya faru da ya fi kamen muhimmanci. Wani yaro mai suna Soulja Boy, bai kai shekara 18 ba, ya haɗa Crank That a kwamfuta da manhajar FL Studio, waƙar ta yi mako 7 a saman jadawali. Manhajar ta kamfanin Image-Line ce na Beljiyam, ta fito a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, manyan makaɗa suna yi mata kallon abin wasan yara. A 2010 Lex Luger, shi ma yaro ne ɗan jihar Virginia, ya haɗa Hard in da Paint da B.M.F. da ita, ya kafa siffar kiɗan trap da kowa ya bi: gurnanin 808, kuge masu gudu, da ƙahonni masu tsoratarwa kamar a fim ɗin yaƙi. Daga nan situdiyo ya tashi daga gini ya koma cikin laftof.

Yanzu mu dawo gida, mu ɗan koma baya.

Kano ba ta jira Atlanta ba kafin ta san kiɗan na'ura. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da finafinan bidiyo suke tasowa, ƙananan fiyano na Casio da Yamaha suka fara maye gurbin makaɗan gargajiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin yadda situdiyon Iyan-Tama ya shigo da Yamaha samfurin PSR, mai ɗauke da sautuka masu kama da sarewa da ganguna, da yadda fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, a daidai shigowar shekara ta 2000, ya sa kowane furodusa ya ce shi ma irin wannan kiɗan yake so. Aka samu abin da ake kira kiɗan fiyano, aka samu waƙar nanaye. Ofisoshin 'yan fim da ɗakunan naɗar sauti suka yi ta taruwa a benayen Titin Gidan Zoo, daga mahaɗar Dangi a Gyaɗi-Gyaɗi zuwa ciki.

Aro ma ba baƙonmu ba ne. Tun kafin nan masu bandiri, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora yabon Annabi (SAW) a kai, abin da Brian Larkin ya yi rubutu a kansa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya gina rabin barkwancinsa a kan juya kiɗan wasu, har da na Awilo ɗan Kwango. Saboda haka masu cewa 'yan hip-hop ne suka koya wa Kano hawa kiɗan wani ba su yi wa tarihi adalci ba.

Amma akwai bambanci na gaske tsakanin aikin nanaye da na bit, kuma a nan ne sabon abu ya shigo. Mawaƙin nanaye yakan zo situdiyo da karinsa a baki. Ya rera, makaɗi ya laluba fiyano ya nemo muryar, ya ɗora ganga, ya bi shi da sarewa a inda ya numfasa. Kiɗan bawan murya ne, kamar yadda kalangan Shata suke binsa duk inda ya karkata. Irin wannan kiɗan idan ka cire waƙar, abin da zai rage ba shi da amfani ga kowa, riga ce da aka ɗinka wa mutum ɗaya. Bit kuwa ana gama shi kafin a san wanda zai hau. An auna gudunsa, an yanka shi gaɓa-gaɓa, yawanci 16 ga baiti 8 ga amshi, an bar tsakiyar sautin fayau don murya ta zauna. Mawaƙi ne zai lanƙwasa harshensa ya bi. Ga Hausa, harshen da yake da hawa da saukar murya da dogon wasali da gajere, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ka sauke murya inda bai dace ba don ka bi kiɗan, ka mayar da fari na launi ya koma fari na rashin ruwa. Waɗanda suka fara gwadawa sun sha wannan wahalar, kuma a kan kiɗan aro suka sha ta.

Ba su da zaɓi. Makaɗan fiyano na lokacin ba su san yadda ake haɗa wannan nauyin ba, kasuwarsu kuma tana wajen 'yan fim da 'yan siyasa da masu biki. Yaron da yake son gambarar zamani sai ya tafi shagon intanet, ya sauke kiɗan T.I. ko Young Jeezy ko Rick Ross ko Lil Wayne, ya zuba a faifai ko filashi, ya biya kuɗin zama ɗaya a situdiyo ya ɗora murya. Wani lokaci ma ba kiɗan asali ba ne, wani yaro ne a wata ƙasa ya kwaikwaya ya saka a YouTube. A Milli, wanda Bangladesh ya haɗa wa Lil Wayne a 2008, ya fi kowanne shan hawa a duniya, domin kusan babu komai a cikinsa sai gurnani da tafi da murya ɗaya mai maimaituwa. Fili ne share, kowa ya zo ya gwada ƙwanjinsa. Ba mu kaɗai ba ne, M.I Abaga da ya taso a Jos ya fitar da nasa faifan a 2009 a kan kiɗan wasu, kuma bai ɓoye ba, Illegal Music ya sa masa suna.

Sai ga 2007 ta zo mana da namu kamen. Bayan abin kunyar da ya girgiza masana'antar fim a watan Agusta, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai. A watan Satumba aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa na Bahaushiya. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta saurare da sayarwa da yaɗa waƙoƙi 11, cikinsu akwai Girgiza Kai ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, da Oyoyo ta Zango, da Hasbunallahu ta su Aminu Ala, wanda shi ma aka tsare a shekarar. Mawaƙa da yawa suka bar gari zuwa Kaduna da Abuja.

Ziriums ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi injiniyan sauti ne kafin ya zama sanannen mawaƙi, ya san ciki da wajen situdiyo. Tare da wasu mawaƙan Abuja ya hau kiɗan Arab Money na Busta Rhymes, suka yi Government Money, suna zolayar masu facaka da dukiyar gwamnati. Wannan kiɗan ɗan New York ne, Ron Browz ya haɗa shi a 2008, amma hanyar aron ita ce ta 'yan kudu. Abin lura shi ne waƙar ta asali ta ɓata wa Musulmi rai a ƙasashe da dama, musamman sabon zubinta da aka cusa kalmomin Alƙur'ani a ciki. Bakano ya ɗauki kiɗan, ya zubar da maganar, ya ɗora tasa damuwar. A ganina wannan shi ne aro mafi kyau da ake iya yi, domin wanda ya san waƙar farko yana jin ta a ƙarƙashi, sabuwar kuma tana ba ta amsa.

Haramcin bai hana waƙoƙin yawo ba, hanya kawai ya sauya musu. Wayar hannu ta shigo tun 2001, zuwa wannan lokacin masu Bluetooth da memori sun cika gari. Waƙar da ba ta isa ta hau teburin mai faifai ba sai ta bi daga waya zuwa waya a majalisa, a makaranta, a bayan ɗan acaɓa. Kasuwar waya ta Farm Centre, a nan cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ta zama babbar tashar, inda masu tura waƙa suke zaune da kwamfutoci suna cika wa mutane memori. Su ne gidan rediyon wannan waƙar, su ne kuma ma'ajiyarta.

Sai dai wannan hanyar ta bar mana wani tabo da har yau bai warke ba. Waƙar da ake turawa kyauta, ko a biya mai shago ɗan abin da ba zai koma wa mawaƙi ba, ba ta da kuɗin da za a yi rigima a kansa. Inda babu kuɗi babu mai tambayar na wane ne kiɗan. Aka saba da cewa bit abu ne da ake tsinta, kamar ruwan sama. Lokacin da yaranmu suka koyi FL Studio, yawanci da kwafin da ba a biya ba, suka fara haɗa nasu a ɗakunan da aka manna wa soso da kwalin ƙwai, janareta yana kuka a waje, sai suka tarar da kasuwar da ta riga ta yanke cewa aikinsu ba shi da farashi. Ana biyan kuɗin zama a situdiyo, shi ke nan, kiɗan ya bi mawaƙi gida kamar gyara a kan awo.

Kuma aiki ne, kada wani ya raina. Mai haɗa bit yakan sa gudun kusan 140 a minti, amma ya ajiye tafi a duka na uku, sai kunne ya ji kamar 70 ne, kiɗan yana tafiyar ƙasaita alhali kugen suna gudu a sama. Dole ya saita gurnanin 808 ya dace da muryar sauran kayan, in ba haka ba waƙar ta yi tsami ba a san dalili ba. Sannan ga matsalar da ta fi damun namu: yawancin masu saurare a ƙaramar lasifikar waya za su ji, ita kuwa ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Sai ya ƙazanta gurnanin da gangan, ya ba shi ɗan kaushi, don ko a waya a ji inuwarsa, a kuma ufar A Daidaita Sahu kada ya fasa kunne. Wanda ya iya wannan ya iya sana'a. Mafi gwaninta a cikinsu su ne suke naɗo kalangu ko gurmi ko kakaki su yanka su jera a kan 808, kuma ni dai a kunnena tafiyar uku-uku da Migos suka yayata da Versace a 2013, a kan kiɗan Zaytoven, ba ta yi wa kalangu nisa ba.

Daga 2014 abubuwa suka fara sauyawa. Tashar Arewa24 ta buɗe, shirye-shirye irin H Hip Hop da Zafafa Goma, waɗanda Nomiis Gee ya gabatar, suka ba wannan waƙar fuska a talabijin. Aka ga tasowar su ClassiQ da Morell da Deezell da B.O.C Madaki da DJ AB, wanda shi da kansa mai haɗa kiɗa ne, abin da ya ba shi 'yancin da na gabansa ba su samu ba. Kuɗi kuma ya fara shigowa ta YouTube da Audiomack da Boomplay. A nan ne karin maganar nan ta kayan aro ba ya rufe katara ta tabbata, domin YouTube yana da na'urar da take gane kiɗa. Ka ɗora waƙarka a kan kiɗan Rick Ross, ko mutum miliyan ne suka kalla, kuɗin tallan kamfaninsa zai tafi, ko a sauke waƙar gaba ɗaya. Abin da wa'azi da kunya ba su hana ba, lissafi ya hana. Yau yaro mai son ci gaba dole ya nemi kiɗan da yake nasa, wato dole ya koma wajen wannan mai laftof ɗin da aka saba ba shi na shan ruwa.

Kada mu ɗauka a can an yi musu adalci. Master P ya ƙulla yarjejeniya da Priority a 1996 ya riƙe mallakar waƙoƙin kamfaninsa na No Limit, Cash Money suka yi tasu da Universal a 1998 ta kimanin dala miliyan 30, ana ba da labarinsu a matsayin 'yan kudu da suka ƙi a cuce su. Amma makaɗan No Limit, Beats by the Pound, sun watse daga kamfanin a 1999 kan maganar kuɗi. Mannie Fresh, wanda kusan shi kaɗai ya haɗa duk kiɗan da ya ɗaga Cash Money, ya fita a 2005 kan maganar kuɗi. Bangladesh ya yi shekaru yana kukan ba a biya shi haƙƙinsa na A Milli ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya sa makaɗan Atlanta irin su Mike WiLL Made-It da Metro Boomin suka dage da liƙa tambarin murya a farkon kowane kiɗa, 'yar gajeriyar magana mai ɗauke da sunansu, ta yadda ko an sace ba za a goge su ba. Makaɗi ne yake yi wa kansa kirari tunda mawaƙi ya ƙi yi masa. Mawaƙanmu na nanaye da na siyasa sun fi kirki ta wannan fuskar, sukan ambaci makaɗi ko situdiyo kafin waƙa ta ƙare, ko da yake ambato ba ya sayen man janareta.

Abin da ya raba makaɗin can da na nan shi ne takarda. Can akwai bambanci tsakanin hayar bit, inda mutane da yawa za su iya biya su hau, da sayensa ɗungurungum, kuma ko an sayar, mai haɗawar yana nan a cikin marubutan waƙar, yana da kaso duk lokacin da aka kunna. Najeriya ma tana da doka, sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, kuma a ƙarƙashinta kiɗa aiki ne mai zaman kansa, sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya sai da rubutu. Yaron Daurawa da ya tura wa abokinsa bit ta WhatsApp bai sayar da komai ba a idon doka, amma ran da waƙar ta fashe, shi da abokin za su tsaya ne a gaban manyan unguwa kowa yana rantsuwa, babu mai layi biyu a rubuce.

A ƙarshen 2018 wani yaro ɗan yankin Atlanta, Lil Nas X, ya sayi bit a shafin BeatStars kan dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna YoungKio, wanda bai taɓa gani ba. Old Town Road ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019, abin da wata waƙa ba ta taɓa yi ba kafin nan. Da kuɗi ya zo aka zauna lissafi, sai aka gano shi ma YoungKio ya ɗebo sautin tsirkiyar ne daga wani kiɗan ƙungiyar Nine Inch Nails, dole aka sa Trent Reznor da Atticus Ross a cikin masu kaso. Sunan YoungKio yana jikin waƙar a duk inda aka sayar da ita. A teburin mai tura waƙa a Farm Centre kuwa, fayil yakan zo da sunan mawaƙi da sunan waƙa, wani lokaci har da sunan shafin da aka sauke shi da lambar wayar mai shagon, gurbin makaɗi ne kawai babu kowa.